Alhamis Ɗin Farfesa

Wani saurayi ne aka ɗauka aikin nas a wani asibiti, aikin gwaji na wata uku. Aka ce masa in wata ukun sun cika Sista Babba ta sa hannu a takardarsa, shi ke nan ya zama ɗan gida. In kuwa ba ta sa ba, to ga ƙofa can a buɗe.

Shi dai bawan Allahn nan tun ranar da ya sa farar riga ta hau masa kai. Biro huɗu ne a aljihunsa na gaba, ja da baƙi da shuɗi, da wani kore da ko rubutu ba ya yi. Abin sauraron ƙirji kuwa yana rataye a wuyansa ko banɗaki za shi. Abin da ya rufa masa asiri, kusan duk wata ukun a ɗakin wanke kayan aiki ya yi su, inda almakashi da auduga ba sa tambayar mutum komai. Sai a satin ƙarshe aka turo shi ɗakin maza, shi da wata yarinya mai sanyin murya da suka gama makaranta tare.

Ranar Litinin da safe Sista Babba ta tsayar da su a bakin teburinta, ta dube su ta saman tabarau.

"Ku saurara. Mara lafiya zai tambaye ku abin da ba ku sani ba. Kada wanda ya ƙirƙiro masa amsa. Ku ce ba ku sani ba, za ku tambayo. Ku je ku tambayo ɗin, ku dawo ku gaya masa. Ranar Alhamis babban likita zai yi zagaye, yana gamawa zan duba takardunku. Kun ji?"

Yarinyar ta ce, "Mun ji, Sista."

Shi ma ya ce ya ji, amma Sista na juya baya ya taɓe baki.

"Kin ji tsohon yayi? Shekara uku ina cin littafi, in zo in tsaya gaban mahauci in ce ban sani ba? Ai mara lafiya yana jin haka jininsa zai hau. Bari in gaya miki dabarata. Duk wanda ya tambaye ni, kafin ya rufe baki na ba shi amsa. Kafin Alhamis ɗakin nan kaf sun san waye ni. Su da bakinsu za su gaya wa babban likita a riƙe ni."

Ta ce, "In kuma ba ka san amsar ba fa?"

"Ke dai ki zuba ido, ki koyi aiki kyauta."

Gado shida ne a ɗakin, uku nan uku can, kusa da kusa, in wani ya yi atishawa na gefensa ne ke cewa alhamdu lillahi. Akwai wani tsohon tela mai ciwon suga da gyambo a ƙafa. Akwai mahauci da zazzaɓin hanji ya kayar, ana ta yi masa ƙarin ruwa. Akwai direba da ya karye a cinya, an rataye ƙafar sama da igiya da wani ƙarfe mai nauyi yana reto. Sai wani tsohon hedimasta mai hawan jini, wanda ba ya rabuwa da littafi da biro, don duk abin da aka faɗa masa sai ya rubuta. Sauran biyun ba su cika magana ba, nasu gyaɗa kai ne.

Mahauci ne ya fara. "Ɗan samari, wannan ruwan da ake ɗura min tun jiya, wai me yake yi a jiki ne?"

Saurayin ya ɗan ƙwanƙwasa robar da biro. "Abinci ne, Baba. Kowane ɗigo daidai yake da cokali guda na shinkafa."

"Da miya?"

"Da miya da nama."

Mahauci ya zuba wa robar ido, ya shiga ƙirga.

Hedimasta ya miƙo hannu ana auna masa jini. "Malam, kullum sai a ce min lamba biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Me ya sa biyu?"

"Ta saman taka ce, Baba, wadda ka nema da kanka. Ta ƙasan ta gado ce, wadda ka gada wurin iyaye."

"Ikon Allah! Shekara goma ina zuwa asibiti, ba wanda ya taɓa gaya min." Ya jawo littafi ya rubuta, har da ja layi.

Tela ya ɗago ƙwayoyinsa a tafin hannu. "To wannan jar da wannan farar fa?"

"Jar tana ƙara jini, farar tana bi tana wanke shi."

Direba ya buga hannu a katifa. "Kai, wannan ai ba nas ba ne, farfesa ne!"

Sunan da ya bi shi ke nan. Ita kuwa yarinyar, da tela ya tambaye ta ko sugansa ya sauka, sai ta ce, "Ban sani ba, Baba, bari in tambayo." Ta rubuta a 'yar takarda ta fita. Kafin ta dawo direba ya raɗa mata suna Bari-in-tambayo. Ta dawo ta ce wa tela, "Likita ya ce bai sauka yadda ake so ba, sai an ƙara maka allura." Tela ya juya mata ƙeya, ya ce ita kullum ba ta kawo labari mai daɗi.

Da azahar matar mahauci ta zo da kular abinci, ya ce ya ƙoshi.

"Ka ƙoshi da me? Tun jiya ba ka sa komai a baki ba."

"Faranti na tara nake ciki yanzu. Kada ki katse min ƙirga."

Ta dubi robar, ta dubi mijinta, ta ce, "To ni da na tashi tun asuba ina fama da wuta, ashe da na sani famfo zan buɗe maka." Sai da Bari-in-tambayo ta zo ta lallaɓa shi, ta ce likita ya ce dole ya ci, sannan ya karɓi cokali uku yana ƙunƙuni wai za a ɓata masa ciki da cin tsiya.

Duk wannan wasa ne. Babbar maganar ranar Talata ta zo.

Tela ne ya kira shi da hannu, ya rage murya. "Farfesa, tsakanina da kai. Yaushe za a sallame ni? Ɗinkin mutane na can jibge a shago."

Farfesa bai sani ba. Ko fayil ɗin telan bai taɓa buɗewa ba. Amma ya yi lissafi cikin ransa: Alhamis babban likita ke zagaye, ai ba ya zagayawa bai sallami ko mutum ɗaya ba. Sai ya gyara abin wuyansa ya ce, "Alhamis, Baba."

A ɗaki irin wannan kuwa ba a raɗa. Mahauci ya ɗago kai. "Ni fa? Ai na riga shi zuwa da kwana biyu."

"Kai ma Alhamis."

Hedimasta ya ce, "Ni da ba gyambo, ba ƙarin ruwa?"

"Ai kai ne na farko a layi, Baba."

Masu gyaɗa kai biyu suka zuba masa ido, ya ce su ma Alhamis. Suka gyaɗa kai.

Saura direba. Ya dubi ƙafarsa da ke sama, ya dubi Farfesa, idonsa ya kawo ruwa. "Wato kowa zai tafi a bar ni ni kaɗai da wannan ƙarfen? Wancan likitan ya ce sati shida."

Nan ne ya kamata mutum ya tsaya. Amma Farfesa ya ga ido goma sha biyu a kansa, ya matsa ya ɗan taɓa igiyar kamar mai gwada tsirkiya.

"Sati shida na masu ƙashin kaza ne. Naka ƙashin irin na da ne. Alhamis."

Ɗakin ya kaure da kabbara. Farfesa ya ɗaga hannu da sauri.

"A'a, a hankali. Wannan sirrin aiki ne. Ba a so a faɗa kafin babban likita ya sa hannu. Kada Sista ta ji. In kuna so ku gode min, ku bari sai ranar, ku faɗa a gaban babban likita."

Hedimasta ya dafa ƙirji. "Bar min wannan. Rubuta jawabi ai aikina ne."

Ranar Laraba Farfesa ya shigo ya tarar kowa da waya a kunne. Tela yana cewa, "Ki gaya wa mai shadda ya zo Juma'a da safe, ni da kaina zan yanka." Mahauci ya kyautar da bokitinsa da mahucinsa da tabarmar matarsa ga 'yan ɗakin da ke gaba, wai su da sauransu. Direba yana ba ƙaninsa umarni. "Ka cire kujerar baya ta motar gaba ɗaya, ka shimfiɗa katifa. Ka zo da maza huɗu masu ƙarfi."

Bari-in-tambayo ta ja Farfesa bakin wurin wanke hannu.

"Me ka gaya musu? Tun safe Baba tela ke yafe min, wai in na ɓata masa ya yafe duniya da lahira."

"Ƙarfafa gwiwa ce. Ana koyar da ita a babban mataki, ba ki kai wurin ba."

"Na duba fayilolin jiya. Ba wanda aka rubuta wa sallama. Direba ma gobe za a ƙara masa nauyin ƙarfe."

Farfesa ya dake. "Fayil ai bayan likita yake bi."

"Ka je ka gaya musu gaskiya tun da sauran rana. Ko ka gaya wa Sista."

"In gaya wa Sista ana gobe za ta sa hannu? Ke, kina da hankali kuwa?"

Ya dai koma ciki ya gwada janyewa a hankali. Ya tsaya tsakiyar ɗaki ya yi gyaran murya.

"Wato iyayena, maganar goben nan, kun san komai sai Allah Ya yarda. Wani lokaci akan samu ɗan canji..."

Direba ya ce, "Ku ji tawali'u!"

Mahauci ya ce, "Mai ilimi ke nan, ba ya cika baki."

Hedimasta ya jawo littafi. "Tsaya in ƙara wannan a jawabin. Ta-wa-li-u."

Farfesa ya fasa janyewar. Yabo na da daɗi, ko da a bakin rami aka yi wa mutum shi. Ya ce a ransa, kafin gobe Allah na iya kawo mafita, wataƙila ma babban likita ya tashi da farin ciki ya sallami kowa.

Aka ce rana ba ta ƙarya. Alhamis da safe Sista Babba ta tafi taron manya, Bari-in-tambayo ta tafi karɓo magani. Farfesa ya ɗan makara don ya tsaya goge rigarsa sau biyu. Tun daga bakin get ya ga motoci sun yi layi, ya ce yau wani babban mutum aka kwantar. Da ya shigo barandar ɗakin maza ya ga mata da yara da surukai sun cika ta, kowa da jaka.

Ciki kuwa ba a magana. An naɗe zannuwan gado an jera. Tela ya sha babbar riga da hula, ƙafa ɗaya takalmi, ɗaya bandeji. Mahauci na zaune bakin gado ya rungumi sandar ƙarin ruwa, yana tambaya ko da ita ake tafiya. Maza huɗu sun kewaye gadon direba, ƙanin na riƙe da sufana yana nazarin ta inda zai fara kwance ƙarfen.

Farfesa ya yi tsalle ya riƙe hannunsa. "Kada ka taɓa! Don girman Allah kada ka taɓa!"

"To kai ka kwance mana, Farfesa, rana na yi."

"Ana... ana jiran sa hannu."

Bai rufe baki ba ƙofa ta buɗe. Babban likita ne, dattijo mara hayaniya, bayansa ƙananan likitoci uku, sai Sista Babba rungume da fayiloli. Suka tsaya cak.

Sista ta ce, "Innalillahi. Gobara aka yi?"

Hedimasta ya miƙe, ya gyara tabarau, ya warware takarda. "Ranka ya daɗe, kafin mu tafi, muna da 'yan kalmomi."

Babban likita ya ce, "Kafin ku tafi ina?"

"Gida mana, ranka ya daɗe. Amma bari in fara." Ya ɗaga murya irin ta filin makaranta. "Mu mazauna wannan ɗaki, muna shaida wa hukuma cewa ba mu taɓa ganin ma'aikaci mai ilimin wannan yaro ba. Ba a taɓa tambayarsa ya ce bai sani ba."

Farfesa ya fara ja da baya, ya ci karo da matar mahauci, ta tura shi gaba. "Ina za ka? Kai ake yabo."

"Na ɗaya. Shi ya sanar da mu cewa lambar jini ta sama ta mutum ce, ta ƙasa ta gado."

Wani ƙaramin likita ya sa fayil ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa na rawa.

"Na biyu. Jar ƙwaya na ƙara jini, fara na wanke shi. Na uku. Ɗigon ruwa guda daidai yake da cokalin shinkafa."

Mahauci ya ce, "Da miya da nama, Hedimasta, kada ka rage masa."

"Da miya da nama. Na huɗu, wanda ya fi duka. Tun ranar Talata ya hango cewa yau za a sallame mu baki ɗaya, har da mai karaya, saboda ƙashinsa irin na da ne."

Ƙarfen direba ne kawai ke reto.

Babban likita ya juyo a hankali. "Wane ne wannan masanin?"

Hannaye suka nuna shi ta ko'ina, har da na yaran da ke leƙe ta taga.

"Zo nan, Malam. Wa ya ce maka za a sallame su?"

Farfesa ya ce, "Wato ranka ya daɗe, bisa ga binciken zamani, in aka duba yanayin..."

"Fayil nawa ka buɗe a cikin shidan nan?"

"Ai ranka ya daɗe, akwai abin da ido ke gani wanda fayil..."

Sista Babba ta ce, "Ko ɗaya. Suna kulle a durowata, mutum ɗaya ce ta zo ta roƙi mabuɗi."

Babban likita bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya bi gado gado, ya duba kowa, yana faɗa a fili. Tela sati guda. Mahauci kwana biyar. Hedimasta sai jininsa ya daidaita, don yau ma ya hau saboda jawabi. Masu gyaɗa kai sai an ga sakamakon gwaji. Direba sati biyar, kuma a ƙara nauyin ƙarfe.

Nan fa aka yi ca.

Tela ya cire hula ya buga a gado. "Na tara mutane gobe a shago! Da wace ƙafar zan taka keken ɗinki?"

Matar mahauci ta riƙe ƙugu. "Bokitinmu fa? Tabarmata fa? A kan biro ɗinka zan kwana?"

Ƙanin direba ya ɗaga sufana. "Kujerar mota na can a tsakar gida, awa uku na yi ina kwance ta!"

Direba ya ce, "Bar shi, ƙanena. Ku ɗauko shi ku rataye min a madadin ƙarfen, ai kansa ya fi nauyi."

Hedimasta kuwa ba ya ko ɗaga murya. Ya zauna yana yage shafukan littafinsa ɗaya bayan ɗaya. "Har ɗana na kira jiya na ba shi haƙuri, na ce ya yafe min lambar ƙasa da zan bar masa."

Farfesa ya yi tsuru-tsuru, gumi ya jiƙa rigar da ya goge sau biyu. Ya ce, "Ni fa nufina alheri ne."

Tela ya ce, "Allah Ya raba mu da alherinka. Ina yarinyar nan? Ku kira min 'yata, ita ce in ta ce bari ta tambayo, sai ta dawo da gaskiya ko ba daɗi."

Sista Babba ta ajiye fayiloli. "Malam Farfesa, za ka kwance jakar kowa, ka shimfiɗa gado shida. Za ka bi ɗakin gaba ka roƙo bokiti da tabarma. Sannan ka fita baranda ka ba iyalan nan haƙuri ɗaya bayan ɗaya, ka raka su har bakin mota. In ka gama ka same ni."

Haka aka yi. Sai bayan la'asar ya gama, yara na bin sa a baranda suna tambayarsa cokali nawa ne a cikin bokitin da ya ɗauko. A ofis ya tarar an riga an sa wa yarinyar hannu. Tasa takardar Sista ta juya ta sau biyu, ta rubuta layi ɗaya, ta miƙo masa.

"Da don ni ne, yau za ka tafi. Babban likita ya ce a ƙara maka wata uku na gwaji. A nan ɗakin, gaban mutanen nan. Ita kuma za ka riƙa bin bayanta."

Da yamma ya isa gida yana jan ƙafa. Mahaifiyarsa na zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, tun safe take jiran labari.

"Auta, ya aka yi? Sun sa hannun?"

Ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya gyara biro.

"Umma, abin ya wuce sa hannu. Yau har jawabi aka karanta a kaina gaban babban likita. Motoci kuwa har bakin get."

"Kai, Auta!"

"Wallahi. Su sauran, wata uku kawai aka ba su aka ce ya isa. Ni kuwa babban likita da kansa ya ce irina ba a gama auna shi a wata uku, sai an ƙara wasu ukun."

Tsohuwa ta ture faranti gefe, ta ɗaga hannu sama, idonta har da ƙwalla.

"Alhamdu lillahi. Allah Ya sa su yi ta ƙara maka, ɗana. In waɗannan ukun sun ƙare, Allah Ya sa su ƙara wasu, su yi ta ƙarawa har tsufanka."

Ya sauke ƙafarsa, ya shiga juya biro a hannu.

Ta ce, "Kai, ana yi maka addu'a ka yi gum? Ka ce amin mana."

Ya ce, "Amin, Umma."